Ƙurar Furen da Baba Ke Kawo Min

Likitar Baba ta zo mana ta'aziyyar rasuwarsa. Ina ajiye mata ruwa, idonta ya faɗa kan kundin bincikena.

"A kan me kika yi?"

"Ƙurar furen wata bishiyar Turai da ake kira ash," na ce. "Na auna sinadaranta masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa."

"Wa ke tara miki ƙurar?"

"Baba mana. Akwai bishiyar a lambun da yake aiki. Shekara uku yana kaɗo min ita cikin ambulan, don leda tana sa ta gumi. Ba ya bari in je, wai 'yan boko ba su iya kaɗa reshe ba."

Ta ajiye kofin ba ta sha ba.

"Kin duba furotin da ke cikinta?"

"Na duba. Yana tayar wa wasu da asma. Layi biyu kawai na rubuta a kansa."

"Da hannuna na gwada mahaifinki, shekara uku ke nan. Na ce ko inuwar bishiyar nan kada ya ƙara ratsawa, ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Ya yi dariya ya ce, 'Likita, bari yarinyar ta gama tukuna.'"

Na buɗe shafin godiya na kundin. Ni na rubuta, har da alfahari:

"Ga Babana, wanda ko murar da ke kama shi duk shekara ba ta taɓa hana shi kawo min ba."