Goran Baba

Babana masunci ne a tafkin Nguru. Ba shi da kwalekwale. A kan wani babban gora yake kifa cikinsa, ya shiga ruwa da komarsa. Ranar da ya ce zai koya mini hawa, ni na ɗauko goran a ka, ina ta rawar jiki.

Muka bi gaɓa da la'asar. Inda ya saba shiga, ciyawar kacalla ta cinye wurin, har ta fi shi tsayi. Muka ƙara gaba, ita ce dai. Ba ka jin komai sai warin ruɓaɓɓiyar ciyawa. Muka yi ta tafiya har ƙafafuna suka yi bororo.

Na ce, "Baba, ina ruwan?"

Ya ce, "Yana ƙarƙashinta. Sauke."

Na sauke. Ya zaro adda ya raba goran biyu, ya miƙo mini.

"Kai wa uwarka ta zuba wa awaki dusa."

Ban taɓa hawa gora ba. Yau ruwa nake turawa a kura cikin Gashuwa. Idan yara suka tambaye ni ko na iya iyo, cewa nake su ba ni hanya.