Safar Shinkafa a Bakin Igiya

Tun ina shekara bakwai nake tsoron wata rana igiyar nan tasa ta wasan faɗa za ta fasa wa Baba kai. Wani tsoho ɗan Sin da suke aiki a sito ɗaya a unguwar Sulay ta Riyad ne ya koya masa. Doguwa ce, da ƙarfe mai tsini a bakinta, ana wulwulawa a jefa, a fizgo ta dawo.

Wata Juma'a bayan la'asar, a saman gidanmu na unguwar Nasim, ya kwance ƙarfen, ya ɗura shinkafa a safarsa, ya ɗaura a madadinsa. Har yau ina jin warin safar, gumi da man mota.

"Yalla, Uwata, zo ki gwada."

"Baba, za ta buge ni."

"Shinkafa ce fa. Ba ke kike cinye ta kullum ba?"

Na wulwula, na tsorata, na tsaya cak. Safar ta dawo ta same ni a kunne. Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Ba a tare ta. In ta taho, ki juya ki ba ta hanya."

Watan jiya aka binne shi. Ban yi kuka ba, ina dai girki ina wanki. 'Yata ta gano igiyar a akwatinsa, kullum sai ta ce in koya mata, ni kuma kunnenta nake kallo. Juyi ɗayan nan kawai na iya. Don Allah, wanda ya san abin da ke biye da shi, ya faɗa mini.