Tikitin Bakin Teku

"Ku soke sunana, ban cancanta ba," na ce wa lauyar kamfanin yawon buɗe ido. Haki nake, don ko ɗinkin da ke kan kekena ban tsaya ƙarasawa ba.

Saƙon imel ɗinsu na wata gasa ne ya shigo wayata, na shiga gasar da wasa, sai ga shi na ci hutu a otal ɗin bakin teku. Daga baya maƙwabciyata ta karanto mini sharaɗin: dangin ma'aikaci ba sa shiga, in kuma aka kama, a bakin aikinsa. Autanmu kuwa a nan yake aiki. Ni na goya shi bayan rasuwar Inna, da keken nan na kai shi jami'a.

Da na yi mata bayani, lauyar ta sa aka kira shi. Ya shigo cikin kwat, ya yi mini kallo ɗaya.

"Ba 'yar'uwata ba ce," ya ce.

Raina ya yi sanyi. Allah sarki Auta, ƙarya yake yi don Yayarsa ta ga teku!

Lauyar ta yi murmushi. "Ai mun sani. Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Tun bara da kika kawo masa abinci ya faɗa mana mai aikin gidansu ce ke. Doka ba ta hana 'yan aiki shiga ba."

Auta ya sunkuyar da kai.

Na share fuskata da gefen mayafi, na miƙa hannu.

"Ba ni tikitin. Ashe ba ni da kowa a nan."