Kwaɗayin Nabawiya

Igiyar ta sake dawowa babu komai sai ciyawar ruwa. Fikri ya cire ciyawar, ya soka wata 'yar karfasa mai rai a ƙugiya, ya sake jefawa gindin dutsen.

Rana ta take tsaka a garin Aswan na bakin kogi, irin zafin bazarar da ko karnuka ba sa fitowa. Kwale-kwalen robar da ya aro wurin masu ba baƙi haya na mutum ɗaya ne, siriri, ko atishawa ya yi sai ya yi tangal-tangal. Gwiwoyinsa sun sage. Gumi na tsiyaya ƙarƙashin ƙyallen da ya naɗa a wuya, amma bai kwance shi ba, don bai saba barin wuyansa a buɗe ba.

Shi ba masunci ba ne, tela ne. Akwatin ƙugiyoyin ma na marigayi mahaifinsa ne, sai da ya kankare tsatsa kafin ya buɗu.

Nabawiya ce ta fito da shi. Kwana da kwanaki ta ƙi abinci. An yi miyar lalo da zomo, ta kau da kai. An jiƙa gurasa a shayi da madara, ta datse baki. Giwan ruwa take so, ta ce cikin ne ke nema. Kowace mace a unguwar ta san dokar: mai ciki in ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, ta kuma sosa jikinta, to jariri zai fito da tabon abin a daidai wurin. Shi ya sa Nabawiya ke kwana da hannuwanta a dunƙule ƙarƙashin cinya, wuyanta na mata ƙaiƙayi tana kuka.

Ya gwada dabara. Ya sayo giwan ruwa a kasuwa, ta shinshina ta ture faranti. "Wannan kifin ƙanƙara ne, maigida. Da hannunka ka ce za ka kamo mini, in gan shi yana motsi." Da safen nan likita ya ɗaga hannunta, ya ga yadda ya koma kamar sillen kara, ya ce in yau ma ba ta ci ba sai asibiti, a zura mata roba ta hanci. Fikri ya san ba za ta dawo daga can ba. Tsoro ne ya koya masa tuƙi rana ɗaya.

Wani jirgin ruwa mai filafilai ya gitta a hankali. Baffa Dahab ne a ciki, tsohon masuncin da haƙoransa suka rage biyu.

"Kai tela! A cikin wannan bahon wanka za ka kama giwan ruwa? Shi ne zai kama ka!"

"Baffa, ba ranar wasa ba ce yau."

Dariyar tsohon ta ɗauke. "Har yanzu ba ta ci ba?"

Fikri ya girgiza kai.

"Da zafin nan kifi can ƙasa yake, a inuwar dutse. Ƙara dalma don ƙugiyar ta nutse, ka saki igiya sosai. Ubanka, Allah ya jiƙansa, a gindin dutsen nan ya ƙone wata bazara, ya koma gida hannu rabbana. Kada ka gaje shi."

Ya ƙara dalma, ya saki igiya har ta kusa ƙarewa. Ruwan gorarsa ya ƙare, harshensa ya manne. Ya roƙi Allah da duk addu'ar da ya iya, daga baya ya koma maimaita abu ɗaya: kifi ɗaya, ya Rabbi, ɗaya tak.

La'asar na sauka igiyar ta miƙe tsam.

Fizgar farko ta juya hancin kwale-kwalen, ta biyu ta ja shi cikin igiyar ruwa. Abin tuƙinsa ya suɓuce ya tafi. Bai ko waiwaya ba. Ya naɗe igiyar a tafin hannu, ta yanka shi, jini ya gauraya da ruwa. Gefen robar ya daki dutse, ruwa ya cika masa cinya. Bai iya iyo ba, kuma ya san haka sarai, amma sakin igiyar bai zo masa a rai ba.

Da kifin ya gaji ya taso, fari fat, bakinsa a wangame, Fikri ya zura hannu cikin kunnen kifin ya rungume shi a ƙirji yana kuka. Baffa Dahab ne ya jawo su gaɓa su biyun.

A guje ya shiga gida, jallabiyarsa sharkaf, ya ɗaga kifin a gaban gadonta. Wutsiyar ta motsa sau ɗaya. Nabawiya ta buɗe ido, ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba. Ƙanwarsa Zinat ta karɓe kifin ta nufi kicin tana share hawaye.

Da aka kawo, shi ya cire ƙaya, ya kai mata loma baki. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake buɗe baki. Sannan ta zaro hannuwanta daga ƙarƙashin cinya ta shafa shafaffen cikinta.

"Ka cika alkawari, maigida. Yanzu ɗanmu zai fito fes, babu tabo ko ɗaya."

Fikri ya ja ƙyallen ya ƙara rufe tabon nan mai siffar kifi da ke wuyansa tun ranar da ta haife shi, shekara hamsin da ɗoriya, ya ce, "Ƙara loma ɗaya, Mama."