Hoton da Kunne Ya Fito

Hoto na huɗu ke nan mai zanen ya ture gefe da ɗan yatsa.

"Wannan ma ba zai yi ba, Mama. Rana na bayanta."

Maman Auta ta janyo hoton ta duba. Ita dai ba ta ga aibunsa ba. Ga Auta tsaye a bakin famfo, riga ta jiƙe sharkaf, ta rungumi bokitin da ya kusa kai ta tsawo. Sai da ta ƙura ido ta ga gaskiyar mutumin: fuskar duk inuwa ce, hancin ma sai an yi lalube.

Ɗakin ƙarami ne, can ƙarshen wani dogon baranda. Tebur ɗaya, kujeru biyu, fensira cike da gwangwanin madara, fanka na juyi a sama kamar dole aka yi mata. Mai zanen dattijo ne, ba ya gaggawa, ba ya kuma yabon hoto don faranta ran mai shi. Ta daɗe tana jiran layi ya zo kanta, kuma an gaya mata zane ɗaya ake yi wa kowane gida. An ce ta zo da duk hotunan da take da su, ta kuma zo da babban ɗanta. Shi ne tsaye a bakin ƙofa, yana ta juya makullin babur a hannu.

Ta ciro wanda ta ɓoye, wanda ta fi so. Auta ce cikin sabuwar riga mai furanni, an ɗaura mata ɗankwali ya yi mata yawa, tana dariya har giɓinta ya bayyana. Da hannu biyu ta miƙa shi.

Mai zanen ya jima yana kallo.

"Tubarkalla, kyakkyawa ce," ya ce. "Amma dariya tana cinye ido, tana tura kumatu sama. Ɗankwalin kuma ya rufe kunne. Ni kunne nake nema, Mama. Komai na fuska yana iya yaudarar mutum, ban da kunne."

Ta zazzage sauran a kan tebur. A ɗaya Auta na gudu, ba abin da ya fito sai rigarta. A wani tana kan wuyan mahaifinta, Allah ya jiƙansa, mai ɗauka ya yanke rabin kanta. A wani ta juya baya tana lallashin kyanwa. Yarinyar da in ka ce ta tsaya sai ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ina za a same ta a natse? Masu kyan duk suna cikin tsohuwar wayar da ta faɗa ruwa, wadda masu gyara suka yi ta jujjuyawa har suka haƙura.

Ta sake bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ko wani zai canza don ta matsu.

Nan ne ɗanta ya matso. Ya buɗe walat ɗinsa, ya zaro wani ɗan fasfo da gefensa ya lanƙwashe, ya ajiye ba tare da ya dubi mahaifiyarsa ba. Hoton shiga makaranta ne. An ɗauke shi Auta na tashi daga zazzaɓi, an yi mata aski ƙwal, ta rame, ta haɗe rai tana hararar mai hoto.

"Ban da wannan," in ji Maman Auta. "Sai a ce ba na ba ta abinci."

Mai zanen ya riga ya kai shi bakin taga. Goshi a fili, haɓa a fili, kunnuwa biyu sun fito zaƙo-zaƙo.

"Wannan ne," ya ce.

Ta mayar da mai dariyar cikin jaka.

Ya jingina fasfon jikin gwangwani, amma bai fara nan take ba. Ya sa saurayin ya zauna, ya juya shi dama, ya juya shi hagu, yana nazarin muƙamuƙinsa. Ya roƙi Maman Auta ta fuskanci haske, ta ɗan ɗaga haɓa. Ya tambaya ko marigayi mahaifin Auta dogo ne. Sannan ya ɗauki fensir.

Da kunne ya fara, kuma kunnen Auta ne sak, har da 'yar lanƙwasar nan ta sama. Idanun ma nata ne. Amma daga nan sai fensirin ya kama wata hanya. Kumatu suka zube. Hanci ya miƙe irin na yayanta. Wuya ya yi tsawo, haɓa ta zama irin wadda Maman Auta ke gani a madubi. Tana zaune tana kallo, 'yarta na sulalewa daga takardar, wata baƙuwa na maye gurbinta, ba ta da ikon cewa a tsaya.

"Kitso zan yi mata ko ɗankwali?" mai zanen ya tambaya.

"Ban sani ba," ta ce. "Malam, ban san wannan ba. Ko a hanya muka haɗu zan wuce ta."

"Shi ya sa muke zana ta, Mama."

Ta miƙa hannu ta shafa gefen takardar a hankali, don kada fensirin ya goge. Auta ta cikin fasfo shekararta shida, shekarun da take da su ranar da ta fita zuwa makaranta ba ta dawo ba; ta kan takarda budurwa ce 'yar goma sha shida, kuma gobe za a manna ta a bangon tashoshin mota, ƙarƙashin kalmar CIGIYA.