Zanen Goyon Bashari

Da zanen goyon nan mai na'ura ya daina magana, Asabe ta kai shi kasuwa wurin Malam Tanimu mai gyara. Tun ranar suna zanen ne ke ɗumama ɗanta Bashari, yana jijjiga shi, yana kiran sunansa. Ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barin ta faɗi sunan da bakinta ba.

"Muryar kamfanin ta goge, Hajiya," in ji Tanimu. "Kira shi, in sa taki."

Ta dubi mutane, ta sunkuyar da kai. "Bashari."

Yaron na kan cinyarta, amma bai waiwayo ba. Ita da kanta ta zaɓi zane mai kyau, don kada ya riƙa nemanta.

Ya miƙa hannu wajen tebur, inda zanen yake, ya ce, "Umma."