Faifan Birkin Baba

"Malam, kayan banza kake sa mana!" ta ce wa makaniken, ko gaisuwa babu.

Ba a daɗe da canja wa ƙaramar motar babanta faifan birki ba, ga shi sitiyari ya koma karkarwa da zarar an taka birki. Shi ya sa ta baro aiki ta same su a gareji. Dattijon, babanta, na zaune a benci, ita kuwa sai kai-komo take tana duba agogo, har aka kwance tayar.

Makaniken ya ɗago faifan. Ƙarfen ya yi duhu kamar an gasa shi a wuta.

"Hajiya, ba laifin kaya ba ne. Zafi ne ya lanƙwasa shi. Mai tuƙa motar nan ba ya ɗage ƙafarsa daga birki, ko a miƙaƙƙen titi."

Ta ja tsaki. "Baba? Mutumin da ya koya mini tuƙi, yana yi mini tsawa in na taka birki ba dalili? Me zai tsorata shi a titi? Baba, kawo makullin, ana ɗaurawa ni zan gwada ta."

Kafin ya gama laluben aljihu, ta riga ta zagaya bayan motar.

Dattijon ya taso yana murmushi, yana ƙanƙance idanu. Ya nufi shuɗiyar rigar makaniken, mai launin mayafinta, ya danƙa masa makullin a hannu.

"Ungo, 'yata," ya ce. "Ki bi a hankali."